Dutsen da Kaka Ta Ba Ni

Assalamu alaikum Gwaggo Binta,

Ina gaishe ki da fatan kina lafiya. Ya gida, ya yara, ya ƙafar Kaka? Mu nan Barking lafiya lau.

Gwaggo, na yi ɓarna. Kin tuna dutsen da Kaka ta ba ni, wanda mijinta marigayi Malam ya kai mata lokacin yana zuwa zance, ya ce daga sama ya faɗo? Ni na dami Yaya Sadik sai da ya kai shi lab ɗinsu, wato ɗakin gwaje-gwaje, inda suke auna sinadarin fulorin a duwatsun wata da masu faɗowa daga sama. Ya gutsuri kaɗan ya sa a na'urar nukiliya. Wai fulorin ɗin ya yi yawa, dutsen sama ba ya da shi haka. Ya ce, "Dutsen gona ne, malama. Ki rage littattafan soyayyar nan."

Har a tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, na yi kuka. Jiya Kaka ta kira, tana ta ɗoki: "To, me injin ya ce?" Na ce mata daga sama ne.

Don Allah kada ki faɗa mata. Ki roƙa mini gafarar Allah, ki gaishe da kowa.

'Yarki,
Nafisa