Takardar da Za Ta Wanke 'Yata Tana Aljihuna

Uwargida Noreen,

Ki taimaka mini da shawara, don na rasa wanda zan gaya wa. Matata ta daina yi mini magana sai ta dole, fadan cocinmu kuwa na san abin da zai ce tun kafin in zauna. Ban taɓa rubuta wa jarida wasiƙa ba, kuma gaskiya ban cika ganin girman masu yi ba. Na sauya sunayen mutane, kin san halin Odessa, kowa surukin kowa ne.

Shekarata hamsin da tara, talatin da ɗaya daga ciki a filin mai na yi su. Ke ma 'yar nan ce, amma na tabbata daga kan titi kike hango rijiyoyi, don haka bari in faɗa a taƙaice. In za a fasa dutse a ƙarƙashin ƙasa don mai ya samu hanya, gaɓa-gaɓa ake yi. A tura matoshi ya toshe rijiyar, a danna ruwa da yashi da ƙarfi har dutsen wurin ya tsattsage, a sake tura wani matoshin, a matso gaba. Rijiya ɗaya sai ta ci hamsin. In an gama dole a kawar da su kafin mai ya fito, to wannan ne aikina. Ni da mutanena mukan zo da dogon bututu naɗe a bayan babbar mota, mu zura shi mil uku ko huɗu, mu niƙe matosan ɗaya bayan ɗaya. A wannan aikin na bar yatsu biyu na hannun hagu. Da shi na yi gida, da shi na kai 'yata jami'a a Lubbock.

'Yar tawa, bari in kira ta Araceli, ita kaɗai Allah ya ba mu. Ilimin ƙarafa ta karanta. Ranar da ta gama na yi hawaye a gaban jama'a ban ji kunya ba. Ashe abin da za ta yi da karatun shi ne ta kashe mini sana'a. Ita da wasu abokanta biyu suka buɗe ƙaramin kamfani a Midland, suna ƙera matoshi da wani ƙarfe marar nauyi wanda gishirin ruwa da zafin ƙasa ke cinyewa. Ya gama aikinsa, bayan mako biyu a neme shi a rasa, mai ya fito abinsa, babu wanda ke bukatar tsoho da bututunsa.

Na san ba ita ta fara ba, kamfanoni da yawa na yi. Amma motoci huɗu nake lura da su a da, yanzu biyu suka rage. Mutum tara na sallama da bakina, har da wanda ni ne uban baftismar ɗiyarsa. Duk wannan na shanye, ban taɓa ce mata uffan ba.

Abin da ya ƙi shanyuwa shi ne na watan Mayu. An yi taron 'yan mai a Houston, ta hau mumbari ta yi jawabi, aka ɗauka aka watsa. Muna cin abincin rana a gindin mota sai direbana Lalo ya miƙo mini waya yana ƙunshe dariya. Sai ga hotona a ƙaton allo, na yi baƙi ƙirin da mai, na ɗaga hannun nan mai yatsu uku. Ita ta ɗauki hoton tun tana makaranta. Ta nuna shi ta ce: “Wannan mahaifina ne. Nan da shekara biyar ba na son a sake ganin irinsa a filin mai.” Aka yi ta tafi. Tun daga ranar yaran aikina ke ce mini Kayan Tarihi, har a rediyon mota. Da na kira ta, cewa ta yi wai hatsarin aikin take nufi, wai ban fahimta ba. Ni da na koya mata riƙon sukudireba ne ban fahimta ba. Ko izinina ba ta nema ba, kuma har yau ba ta ce in yi haƙuri ba.

A watan Oktoba wani kamfani ya yi amfani da matosanta arba'in da shida a wata rijiya kusa da Pecos. Goma sha takwas, na ƙarshe-ƙarshe, suka ƙi narkewa. Rijiya ta toshe, mai ya ƙi fitowa. Wa za a kira? Kayan Tarihi. Ba zan ɓoye miki ba, da waƙa na tuƙa mota har can. Kwana tara muka yi muna niƙa. Da wani ƙaton guntu ya fito, rabinsa a zagwanye rabinsa garau har da lambar kamfaninta a jiki, na naɗe shi a tsumma na jefa a mota.

Ranar bikin godiya na ƙarshen Nuwamba muka taru a gidana, har da iyayen mijinta Grady da suka taso daga Abilene. Matata Ofelia ta kwana biyu tana girki. Ana gama addu'a, kafin a yanka talotalo, na kwance tsumman nan na dire guntun a tsakiyar teburi, kan farin mayafin da Ofelia ta gada wurin uwarta. Na ce: “Ga wanda ba ya bukatar mahaifinki, ku gaisa.” Babu wanda ya yi dariya. Araceli tana da cikin fari wata bakwai. Ta jawo guntun, ta juya shi, ta kankare gefensa da farce, ta daɗe tana dubawa. Na zaci kuka za ta yi ko ta yi faɗa. Tambaya ɗaya ta yi mini: “Baba, ruwan da ya dawo muku daga rijiyar, nawa ne gishirinsa?” Na ce ban sani ba, ni ba ɗan jami'a ba ne. Ta miƙe, Grady ya ɗauko mata jaka, suka fita, iyayensa suka bi su.

Ƙarya na yi mata. Duk awa biyu muke auna ruwan da ke dawowa, ni nake rubutawa da hannuna. Gishirin kusan babu, ruwan har kamar a ba shanu. Na tambayi wakilin kamfanin da ke da rijiyar a wurin, wani mai suna Boyd, ya ja ni bayan tanki ya gaya mini cewa ruwan gishirin da suka tanada ya ƙare musu ana cikin aiki, sai suka jawo ruwan daɗi daga rijiyar wani mai garken shanu suka ƙarasa da shi. Ba su gaya mata ba. Ita kuwa ƙarfen da ta zaɓa musu na ruwan gishiri ne, domin da shi suka rubuta mata za su yi aiki tun farko. Boyd ya dafa kafaɗata ya ce: “Tsoho, niƙa aka kira ka yi, ba awon gishiri ba. Bar shafin nan a aljihunka, akwai rijiyoyi goma sha biyu a bazara, kuma sunanka na sa.”

Yanzu kamfanin ya ɗora mata laifin duka. Labari ya zagaya, masu saye sun janye, abokan nata biyu suna neman fitar da ita tunda ita ta zaɓi ƙarfen. Ofelia ce ke jiyo mini, don gidan Araceli take wuni yanzu, kuma ba ta san da shafin ba. Ranar Litinin ta sama zan miƙa rahoton aikin. In na sa shafin, Boyd zai soke sunana, mutum bakwai da suka rage mini su shiga sabuwar shekara ba aiki, kuma da hannuna na raya abin da ke binne ni. In ban sa ba ta faɗi. Abin da ya sa na rubuto miki ke nan: akwai wani wuri a zuciyata da yake son ta faɗi, ta ɗanɗana yadda ake ji in aka nuna mutum da yatsa a gaban jama'a. Kada ki ce mini in yi haƙuri, na ji wannan har na gaji. Ki gaya mini wanda ya fara.

Mai Yatsu Takwas, daga Odessa

Malam Mai Yatsu Takwas,

Ita ta fara. Ga amsarka, tunda ita ka nema. Ɗaukar hoton mahaifi da hannunsa mai rauni a kafa a gaban ɗaruruwan baƙi ba da saninsa ba rashin tunani ne, ko da niyyar ta alheri ce, kuma cewa ba ka fahimta ba ya ƙara muni. Ina ganin tsoron wayar da za a bugo wata rana a ce ka mutu a bakin rijiya ne ya sa ta faɗi abin da ta faɗa, don na san wannan tsoron. Mahaifina shekara ashirin ya yi yana tuƙa tankar ruwa tsakanin Monahans da Pecos, saboda haka ba daga kan titi kawai nake hango rijiya ba. Amma niyya ba ta goge abin da ka sha a bakin yaranka. Tana da haƙurin da za ta ba ka.

To yanzu naka. Ita ta kunyata ka cikin wauta. Kai kuwa ka yi wata guda kana ajiye da guntun ƙarfe a mota kana jiran rana, ka zaɓi gaban surukanta, ka zaɓi teburin matarka, kana sane sarai cewa kayanta ba su da laifi. Ta tambaye ka abu ɗaya da zai wanke ta, ka dubi idonta ka yi ƙarya. Wannan ya wuce ramuwa. Kuma kada ka laɓe a bayan mutanenka bakwai. Ranar da ka dire ƙarfen nan ba su kake tunani ba.

Duk da haka zancensu gaskiya ne, bari mu duba shi. Kana ganin shirunka zai saya musu rijiyoyi goma sha biyu. Wa ya yi maka alkawarin? Mutumin da ya sauya ruwa ya ɓoye, ya bar wata ta ɗauki laifinsa. Mai garken shanu ya san ya sayar da ruwa, waɗanda suka ja bututu sun sani, kuma 'yarka daga kankarar farce ta riga ta gano inda matsalar take. Za ta tono shi, ko da kai ko ba kai. Ranar da ya fito Boyd zai ce ɗan kwangila bai taɓa kawo masa awo ba, sa hannunka kuma yana ƙasan rahoton da aka cire wa shafi. A lokacin ba Boyd kaɗai zai daina kiranka ba.

Ga abin da za ka yi. Kafin Litinin ka zauna da mai kamfanin motocin da kake yi wa aiki, ka nuna masa littafin awon, ka gaya masa abin da Boyd ya ce, kalma da kalma. Ka sa shafin a rahoton kamar yadda ka saba sa shi a kowace rijiya, ba ƙari ba sharhi, a aika wa ofishin kamfanin da ke da rijiyar, ba hannun Boyd kaɗai ba. Ka ajiye kwafe. Kada ka saci hanya ka miƙa wa Araceli takardar a ɓoye. Za a ce uba da 'ya sun haɗa baki, ka ɓata shaidar, wataƙila ma ka karya sharaɗin kwangila. Awa ɗaya da lauya ba za ta cuce ka ba. Mutanenka kuma ka tara su ka gaya musu da bakinka. Mai yiwuwa ku rasa aikin bazara, ba zan yi maka daɗin baki ba. Wasu za su ji haushinka. Su manya ne, sun cancanci su ji da wuri don su nemi mafita.

Sana'arka tana raguwa, wannan gaskiya ne, kuma faɗuwar 'yarka ba za ta dawo maka da mota ko ɗaya ba, wani kamfanin ne zai kwashe masu sayenta. Amma mutumin da ya shekara talatin yana ganin abin da ke fitowa daga cikin rijiya bai zama abin yarwa ba, masu ƙera matosan nan ma suna neman irinsa. Wannan zance ne na gaba.

Ofelia za ka fara gaya wa, yau, don ita ce ke tsaye tsakaninku ba ta san kan zancen ba. Za ta yi fushi fiye da na yanzu, ka tsaya ka sha. Bayan ka miƙa rahoton ka je gidan Araceli da ƙafarka, ba ta waya ba. Ka ce mata ka san awon tun ranar, ka yi mata ƙarya, ka sa shi a rahoto. Kada ka haɗa da zancen Houston a wannan zuwan, kada ka mai da shi ciniki. Ranarsa za ta zo, ka gaya mata a fili yadda ya yi maka ciwo, ba da gatse ba. Mai yiwuwa ta ƙi buɗe maka ƙofa, tana da hujja. Ka faɗi abin da ya kawo ka daga waje, ka koma gida, ka sake zuwa wani makon.

Allah ya sauke ta lafiya, ya tsare ka da mutanenka a bakin aiki, ya ba ka ƙarfin halin ranar Litinin.

Noreen