Wa Zai Riƙe wa Baba Igiya?

Zuwa ga ƙanena abin alfaharina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa albarka a nema, ya tsare ku daga abin ƙi na fili da na ɓoye. Mu ma nan muna lafiya, alhamdu lillahi, in ban da ƙafar Inna da ta saba motsawa in an yi sanyi. Goggo ta zo ta kwana biyu ta koma, har yanzu kunnuwanmu ba su huce da surutunta ba. Maigidana yana nan yana fama da keken ɗinkinsa, 'yar autata kuma ta fara tafiya, ba ta da wurin zuwa sai bakin murhun da nake ƙyafe kifi, kullum ina cikin kora. Ni dai ina cikin hayaƙi yadda ka bar ni. Sai dai kifin da ake kawo mini yanzu, da za ka gani sai ka riƙe baki, irin 'yan ƙananan nan ne da Baba yake mayarwa ruwa yana cewa su je su kira iyayensu.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga gare ni alhali ga waya. To ai kai tun kana yaro Baba ya raɗa maka Tarwaɗa, kuma bai yi kuskure ba, da an kama ka a waya sai ka sulluɓe da cewa kana wurin aiki za ka kira, kiran da har yau muna jira. Ban da haka, duk lokacin da wayarka ta shigo Baba yana kusa ya kasa kunne, ya kuwa hana kowa ya gaya maka abin da zan gaya maka. Shi ya sa na zauna a shagon maigidana na rubuta, zan ba direban motar da ke zuwa wajenku ya damƙa maka hannu da hannu. Ka nemi wuri ka zauna ka karanta har ƙarshe, don Allah kada ka ninke ka ce sai an jima.

Bayan damina wasu mutane suka zo daga ofishin da ke kula da kayan tarihi, suna tattara kayan aikin masunta na da. Mutanen kirki ne, ban ga laifinsu ba. Shugabarsu wata matashiya ce mai ladabi, har ƙasa ta durƙusa ta gaida Baba. Ya yi murna ƙwarai, ya ba su tsohuwar komarsa ta kamun kifi da babban goran nan da ya gada wurin Kaka, da mashin sukar kifi da ke rataye a zaure. Da suka gama shirya ɗakin ajiyar sai suka aiko da mota aka kai mu gani. Ɗaki ne fes, da fanka da fitilu, komar Baba an baje ta a bango an wanke ta tas, babu ko ƙarnin kifi a jikinta. Goran kuma an sa shi cikin akwatin gilashi. Baba ya miƙa hannu zai shafa, sai mai gadin ɗakin ya ce masa a yi haƙuri, ba a taɓawa. Ya sa na karanta masa rubutun da ke ƙasa, na karanta ban yi tunani ba, da na sani da na yi masa ƙarya. An rubuta cewa haka mutanen da suke kamun kifi, kuma nutso cikin gurbi a kamo kifi da hannu sana'a ce da ta shuɗe, babu sauran mai yin ta. Da muka fito Baba ya ce da ni ashe an yi jana'izarsa ba a gayyace shi ba.

Kafin mu shiga mota ya koma wurin matashiyar nan ya ce mata a gyara rubutun, domin mai yin sana'ar yana nan da ransa, kuma zai shiga babban gurbin da ke ƙarƙashin gaɓar tsohuwar bishiya ya fito musu da kifi a hannu su gani da idonsu. Ita kuwa baiwar Allah murna ta kama ta, ta ce za su zo da na'urar ɗaukar hoto a ajiye wa jikoki. An sa rana, farkon watan gobe, in ruwa ya ƙara ja. Zancen ya riga ya zaga kasuwa, duk inda Baba ya gifta sai a ɗaga masa hannu ana kirari, shi kuma sai ƙara miƙe wuya yake yi. Ka fi ni sanin rabon Baba da nutso, tun ranar da ka ɗauki jakarka ka tafi ya naɗe igiyarsa ta nutso ya rataye a bayan ƙofa, bai sake sauke ta ba sai yanzu.

Da tsufa ne kaɗai, da na yi shiru na bar wa Allah. Abin da ya hana ni sukuni shi ne kogin nan ba wanda ka sani ba ne. Masu haƙar yashi sun shigo da inji, sun shekara suna zuƙe ƙasan ruwa ana lodawa a manyan motoci. A sama ruwan yana nan yadda yake, lumui, amma ƙasa an rarake shi. Mashigar da shanu suke bi tun muna yara, kwanan baya saniya ta taka ta nutse a wurin, makiyayin yana riƙe da wutsiyarta har ya saki. Tsohuwar bishiyar ta karkata, saiwoyinta duk a waje, gaɓar da ke ƙarƙashinta tana zubewa kaɗan-kaɗan ko babu iska. Saman gurbin kuma ruwa ya fara wani juyi a hankali, in ka jefa kara sai ya yi ta zagaye kafin ya shige. Ruwa ba ya tsami banza. Masu jefa koma duk sun daina zuwa wajen, amma babu wanda ya iya buɗe baki ya gaya wa Baba, don kowa a hannunsa ya koyi riƙe filafili.

Rannan ya ce in raka shi a kwalekwale ya duba wurin. Yana tuƙi yana nuna mini, nan akwai dutse mai faɗi, nan akwai kututturen da ya taɓa yage masa cinya, nan rami ne mai baki biyu. Yana faɗa idonsa ma ba ya kan ruwan, ka san yadda ya haddace ƙasan kogin nan kamar tsakar ɗakinsa. Da muka kai wani wuri sai ya ce nan iyakar ƙirji ne, nan yake tsayawa ya huta in ya fito daga gurbi. Ya zura gwangwalar tuƙi don ya nuna mini. Ta shige duka, hannunsa ya bi ta har kafaɗa, bai taɓa ƙasa ba, saura kaɗan ya kifa. Na ga fuskarsa a lokacin, wallahi ya ji tsoro. Amma da ya zaro ta sai ya juya ta ya duba, ya ce yaran yanzu ba su iya saran gwangwala ba, wannan gajeriya ce. Gwangwalar da ya shekara yana tuƙi da ita ce fa, da hannunsa ya saro ta. Har muka dawo gida bai ƙara nuna mini ko wuri ɗaya ba.

Tun daga ranar ya shiga gwada numfashinsa. Na shigo gida da hantsi na tarar da shi ya tsoma kai cikin babbar randar Inna, ƙafafu a waje, na saki tiren kifi na yi kansa da salati, ya ɗago yana yi mini faɗa wai na katse masa. Abin dariya ne in ka gani, amma da ya ɗago sai tari ya sarƙe shi, ya dafa bango ya daɗe bai dawo daidai ba. Ka san halin Inna, in abu ya fi ƙarfinta aiki take ƙirƙira. Ta fito da fararen kayansa duka ta wanke ta goge ta jera a akwati, da na tambaye ta dalili sai ta ce datti suka yi, alhali ko sa su bai yi ba.

Kada ka ce mun zauna ne mun naɗe hannu. Kawu ya zo ya yi masa magana, Baba ya ce wanda hannunsa ke rawa har shayi yana zubar masa ba shi zai koya masa ruwa ba, suka rabu ba daɗi. Maigidana ya gwada, aka ce masa tela ya tsaya ga allurarsa. Na je har ofishin na sami matashiyar nan na gaya mata gaskiya, hankalinta ya tashi, ta zo da kanta ta ce sun fasa. Baba ya yi mata godiya, ya ce su zo ko kada su zo, shi ya riga ya faɗa a gaban mutane, kuma ba don hoto zai shiga ba. Daga nan ne Inna ta tuna mini da ƙa'idar gidanmu, wadda ka fi kowa sani: mai nutso ba ya musu da mai riƙe masa igiya. In mai igiya ya dubi ruwa ya ce yau ba a shiga, an gama magana, ko Kaka bai taɓa tsallake wannan ba. Baba kuwa mai igiya ɗaya gare shi a duniya, kai ne, kuma ba ya yarda bare ya riƙe masa.

Da na ga haka sai na yi dabara, na ce ni zan riƙe. Ya dube ni ya yi murmushi, ya ce jininsa ce ni, ya yarda. Kwana da kwanaki yana koya mini a tsakar gida. Ya ɗaura igiyar a ƙugunsa, ɗaya bakin a wuyan hannuna, ya shiga ɗaki ya sa na rufe ido, wai in ji da yatsuna ko tafiya yake, ko ya tsaya, ko ya kama kifi, ko wani abu ne ya kama shi. Na koya har ya yaba. Sai na gyara murya na ce to a matsayina na mai igiya na duba ruwa, ba a shiga. Ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce dama kifi na ganina mai jar koma. Ya ce hani na mai igiyar da ya taɓa shiga ƙarƙashin ruwa ne ya san abin da ke ciki, ni kuwa ban taɓa wuce wuya ba, saboda haka maganata tsoro ce kawai irin na 'ya da uba. Ya ce in kai ne ka tsaya a bakin gurbin ka duba ka ce a'a, zai naɗe igiyarsa ko gari duka zai yi masa dariya. Amma ya ce kada a kira ka, wanda ya bar ruwa da ƙafarsa ba a jawo shi.

Jiya da la'asar ya kira ni zaure ya ce saura darasi ɗaya. Ya ciro wata 'yar wuƙa mai kube na fata da zaren ratayawa, na gane ta nan take, ita ce wadda kake yawo da ita a wuya tun kana saurayi, muna yi maka tsiya wai ko barci ba ka yi sai da wuƙar gyaran kifi. Ya rataya mini ita. Ya ce in na ji igiya ta yi nauyin da ba na mutum ba, na ja ta ƙi zuwa, ta fara jan kwalekwalen yana karkata, to kada in tsaya kuka ko kiran mutane, in yanke. Ya ce ruwa ba ya cin mutum biyu a gida ɗaya sai in mai igiya wawa ne. Ya faɗe shi a sake, kamar mai aike na kasuwa, har yana nuna mini daidai inda ake sa kaifin.

Ƙanena, na daɗe ina jin haushinka. Na sha cewa ka guji gado, ka bar tsoho da kogi ka tafi neman aikin inuwa. Ban san abin da aka rataya maka a wuya ba kana ɗan shekara goma sha wani abu, ban san da shi kake zama a kwalekwale kana kallon ruwa duk lokacin da Baba ya shige ba. Kwana ɗaya na yi da ita, abinci ya ƙi shiga. Ka yafe mini maganganun da na yi. Amma ka zo. Ban ce ka dawo sana'a ba, ban ce ka kwana biyu ba, ka zo ka tsaya a bakin gurbin nan ka faɗi kalma ɗaya ka koma. Ni na san kaina, ƙarfin jawo Baba ba ni da shi, kuma ba zan iya yankewa ba. In ranar ta zo ba ka zo ba, zan shiga kwalekwalen, domin ba zan bar shi ya nutsa babu kowa a bakin igiya ba, kuma duk inda ta ja ni zan bi.

Ka gaida maiɗakinka da kyau, ka ce ina ba ta haƙurin ɗauke mata kai da zan yi. Ka shafa mini kan Babangida da 'yan biyu. Inna tana gaishe ka, ta san ina rubutun nan, ta ce in gaya maka ba ta aike ni ba amma ba ta hana ba. Kawu da Goggo da maigidana duk suna gaisuwa. Baba bai san da takardar ba, shi ya sa babu gaisuwarsa a ciki. Allah ya kawo ka lafiya, ya sa ka riski wata bai kama ba.

Ni ce yayarka,
Uwar 'yar auta.