Fitsarin ɗiyata da katakon ɗakin Hajiya

Assalamu alaikum Anti, da ke da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kada a zage ni, na riga na zagi kaina. Ban yi boko mai nisa ba, a yi haƙuri da rubutuna.

Aiki nake a gidan wata Hajiya a unguwar Gwarimpa a Abuja, ma'aikaciyar gwamnati ce. Mijina ya rasu, ita ta ba ni ɗakin baya ni da ɗiyata mai shekara ɗaya da rabi, da sharaɗi ɗaya, kada yarinyar ta shiga cikin gida. Ɗakunanta ba tayil ba ne, katako ne shimfiɗe mai sheƙi. Ranar da na fara aiki ta ce, "Kin ga wannan ƙasan? Ba ya shan ruwa. Ki share da buroshi mai laushi, ki matse mofar goge ƙasa har sai ta daina ɗiga, abu ya zube ki goge nan take." Wata bakwai ina kiyayewa, ko kujera ba na ja, ɗagawa nake.

Sati uku da suka wuce yarinyar ta tashi da zazzaɓi, ta ƙi sauka daga jikina. Wa zan bar wa ita? Hajiya na fita ofis na goya yarinyar na shiga. Na sauke ta in gyara gado, kafin in juyo ta yi fitsari, kuma daidai inda Hajiya take shimfiɗa darduma ta yi salla. Anti, ya zan goge najasa da busasshiyar mofa in bar baiwar Allah ta sa goshi a wurin? A garinmu ruwa ake kwarawa. Na ɗebo buta na kwara, na sake, har sau uku, ina kallo ruwan yana shigewa ta tsakanin katakan. Na goge sama na ce ai shi ke nan.

Kwana huɗu wurin ya kumbura, bakin katakan ya ɗago, fatar saman ta fara ɓarewa. Hajiya ta ce, "Kin zuba ruwa a nan?" Na ce wallahi a'a. Rantsuwa fa na yi, Anti. Sai ta kira dattijon da ya shimfiɗa mata katakon, wani Baba daga Dei-Dei, ta wanke shi tas a gabana. Wai jabu ya sa mata, wai za ta gaya wa duk ƙawayenta da ta haɗa shi da su su karɓe aikinsu. Baba ya durƙusa ya shafa wurin, ya sunsuna yatsansa, ya ce, "Hajiya a yi haƙuri, zan duba."

Da na raka shi bakin get ya tsaya yana sa takalmi, bai ko kalle ni ba ya ce, "'Yata, wannan katakon fatar samansa ce kawai itace mai kyau, ƙasansa falle-falle ne aka manne da gam. Ba ya tashi sai ruwa ya kwana a ciki. Na ga goyo a bayanki, shi ya sa na yi shiru." Ya fita, na rufe get.

Jiya na ji Hajiya a waya, gida biyu sun riga sun fasa ba shi aiki. Mutumin da ya rufa min asiri nake toshe wa hanyar abinci. Amma in na faɗa, ƙarya ta fito, rantsuwa ta fito, shigar da yarinya ta fito, ina zan kai ta? Ba ni da kowa a Abuja sai wata yayar mijina a Mararaba, su bakwai a ɗaki ɗaya.

Ranar Asabar Baba zai dawo ya ɓalle wurin a gaban Hajiya. Na kira shi na ce me zai ce mata, ya ce shi ba zai yi ƙarya ba, kuma ba zai kira sunan kowa ba, sauran yana wurina. Yau Alhamis. Don girman Allah ku gaya min, me zan yi?