Jirgin da Na Ce Ku Shirya Karɓa

Zuwa ga Yayana, Alhaji Ɗanladi, a Yauri.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, da Hajiya da yara da dukkan mutanen bakin ruwa. Yaya cikar kogi bana?

Da hannuna nake rubuto wannan, domin ba maganar da zan sa wani ya rubuta mini ba ce.

Jirgin ruwan nan mai gudu da na aiko hotonsa, na ce ƙungiyarku ta masu fito ta shirya karɓa, ba na fasinja ba ne. Samfurinsa na gani a wajen baje koli a nan Guangzhou, na ɗauka dogayen akwatunan bayansa na zuba buhunan albasa ne. Ranar Talata na sa babbar riga na je ofishin kamfanin da ke ƙera shi, tare da Alhaji Yusufu, maƙwabcina a ginin Tianxiu, mai jin Sinanci. Manajan ya ba mu shayi, ya tambayi rundunar sojan ruwan da nake wakilta. Na ce Yauri. Ya daɗe yana duba taswira. Sai Alhaji Yusufu ya rage murya ya ce, "Malam Garba, tashi mu tafi. Makamai masu linzami ake zubawa a akwatunan nan. Gwamnatoci kaɗai ake sayar wa."

Na san a kan maganata ka tara mutane. Ka karanta musu wannan takarda, kada ka tsallake layi ko ɗaya, su san kuskuren nawa ne, ba naka ba.

A sa ni a addu'a. A gaida Inna. A gaida Sarkin Ruwa, idan zai amsa.

Ƙaninka,
Garba, Guangzhou