Inna ta sauka ina wankin mota

Maman yara,

Na tafi filin jirgi a guje, ban jira dawowarki daga kasuwa ba. Inna ta sauka tun ɗazu.

Da ƙaninki ya bugo ya ce jirginta ya tashi, sai na yi lissafi irin namu na direbobi. Hanyar garinku na san ta kamar yunwar cikina, wuni guda muke yi a kanta. Na ce tunda jirgi ne, a rage masa rabi. Sai na jiƙa kujerun mota sharkaf da ruwan sabulu, wai ni surukata za ta shiga mota mai ƙamshi. Ashe tafiyar ko awa ɗaya ba ta kai ba! Da kumfa a hannuna ta kira ni.

Ta ce in bi a hankali. In ta gaji da jira za ta koma gida ta dawo, ta san za ta riga ni isowa.

Na ɗauki bargonki zan shimfiɗa mata a kan jiƙaƙƙiyar kujera, amma ban yarda zai hana lema ba. Ki tanadar mata busasshen zane, kuma don Allah kada ki tambaye ta dalili a gabana.

Mijinki, direban ƙasa