Jan Babur Ne Naki, Ba Farin Ba

Zuwa ga matata, sanyin idona, inuwar da nake fakewa in rana ta take, ruwan farko da ke sauka kan busasshiyar ƙasa har ƙamshinta ya tashi. Zuwa ga Likitata, wadda dokin da ke harbin kowa yake sunkuyar wa da kai.

Ina gaishe ki gaisuwar mutumin da kwana shida suka zame masa shekara. Ina fata kwas ɗin yana tafiya daidai, kuma katifar masaukin ba ta tayar miki da ciwon bayan nan ba. Gida lafiya lau, sai dai shiru ya yi masa yawa. Kofinki yana nan inda kika kife shi a bakin taga, na kasa ɗagawa.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a hannun direban ofishinku alhali ga waya a aljihuna. Sau uku na kira ki da niyyar faɗin abin da ke raina, sau uku muryarki tana shiga kunnena sai in ɓige da tambayar ko kin ci abinci. To yau na wanke hannu da sabulu, na ture sipanoni gefe, na share teburin gareji na zauna. Laifi na yi miki, kuma gara in faɗa kafin Litinin, ranar da za ki ba ofis amsa.

Kin tuna ranar da aka sauke baburan nan biyu a ƙofar garejina? Ofishinku ya ce zai tura ki wata shida can bayan duwatsu, ki bi makiyaya kina yi wa garkunansu rigakafi a inda mota ba ta shiga, ki zaɓi ɗaya ki hau, fari ko ja. Kika zagaya su kina shafawa yadda kike shafa wuyan ingarma kafin ki duba haƙoransa. Sannan kika juyo kika ce, “Malam Bakanike, kai ne masani. Wanne zan ɗauka?” Ko numfashi ban ja ba na ce farin. Kika dube ni da idanun nan naki masu kama da tafki bayan ruwa ya ɗauke, kika ce, “To, tunda kai ka faɗa.” Kika saɓa jaka kika tafi kwas ɗinki. Wannan “tunda kai ka faɗa” ita ta hana ni sakat har yau.

Ba na cewa farin ba shi da kyau. Wallahi tun da nake taɓa ƙarfe ban taɓa hawa abu irinsa ba. In ka tayar da shi ba ya ihu, gurnani yake yi can ƙasa-ƙasa kamar hadari na haɗuwa daga nesa. In ka hau kwalta ka ba shi wuta, hanya naɗewa take yi a gabanka kamar tabarma. Sirdinsa faffaɗa ne, mai taushi, ka wuni a kai bayanka bai sani ba. Gilashin gabansa yana tare iska har ka ji numfashinka a cikin hular kwano. Ba shi da sarƙa balle a yi ta shafa mata mai, birkinsa kuma yana kama ƙasa kamar ya san abin da ke zuciyarka. Da a ce ni da ke za mu kama doguwar hanya mu biyu, kina bayana, hannayenki zagaye da ƙuguna, wa zai kalli wani babur in ga shi?

Amma ba don wannan na zaɓa miki shi ba, hasken gidana. Farin yana da kwamfuta a cikinsa, kuma mai yawan ƙorafi ce. Ƙura ta shige shi, ko ya sha man da ba tatacce ba, sai wata ’yar fitila ta kama a gabansa, kuma babu mai kashe ta a bayan duwatsu. Sai an kawo shi an jona masa na’urar da ke kan teburina. A cikin ƙiftawar ido na hango haka: duk bayan sati biyu ko uku zai juyo da ke gida, ki tsaya a ƙofar gareji kina cire hula kina mita, ni kuwa ina ɓoye murmushi. Kin tambaye ni abin da zai kai ki, na ba ki abin da zai dawo mini da ke. Wane irin miji ne ke amsa wa matarsa da son kansa, ya kuma kira shi shawara?

Tsohon maigidana, wanda ya koya mini riƙe sipana, yana zaune a bencinsa ranar, duk ya ji mu. Washegari ina goge tankin farin, ya ce, “Ɗana, in ’yarka ce za ta shiga wancan dajin ita kaɗai, wanne za ka ba ta?” Na ce masa ai farin ya fi ƙarfi. Ya ce, “Ban tambaye ka wanda ya fi ƙarfi ba.” Ya ci gaba da jan carbinsa, ya bar ni tsaye da tsumma a hannu.

Da safiyar Laraba na hau farin na nufi busasshen rafin nan da ake ɗiban yashi. Tun ina shiga na ji ya sauya hali. Wannan da ke yawo a kwalta kamar shaho ya koma kamar sa mai ƙiba a cikin taɓo. Tayar gaba ta nutse, kansa ya murɗe, ya kwanta, ya danne mini ƙafa. Da ƙyar na zare ta. Na sa baya, na sa kafaɗa, na yi nishi har idona ya yi ja, ko gezau bai yi ba. Sai da wasu masu lodin yashi biyu suka zo muka ɗaga shi mu uku, ɗayan yana tambayata ko giwa na sayo.

Su suna dariya, ni na zauna a kan yashi na ƙura wa babur ɗin ido. Ba ciwon ƙafa ne ya zaunar da ni ba. Ke na gani. Na gan ki ke kaɗai a wani rafi da ban san sunansa ba, rana tsaka, waya babu sabis, akwatin allurai yana ɗumama, ƙafarki a ƙarƙashin wannan nauyi, babu masu lodin yashi, babu kowa. Kuma wa ya aika ki can da shi? Ni, da na rantse zan tsare ki daga ƙaya ma.

Washegari na koma wurin da jan. Ya Likitata, da kin ga yadda ya bi yashin nan! Siriri ne, mai dogayen ƙafafu kamar barewa, tayarsa ta gaba babba ce, tana hawa dutse tana sauka kamar ba ta gan shi ba. Rami ya zo, ya shanye shi. Gangara ta zo, ya bi ta a hankali kamar akuyar da ta san dutsenta. Tankinsa yana kai mutum nesa kafin ya nemi mai, kuma ba ya tsirfa a kan irin man da aka ba shi. Injinsa a fili yake, babu abin da ya ɓoye. Da sipana uku da sukudireba za ki warware yawancin rigimarsa a gindin bishiya.

Ba zan sake ɓoye miki komai ba, shi ma yana da nasa hali. Sirdinsa tauri gare shi kamar benci, ga tsawo. A kan kwalta yana karkarwa har tafin hannu ya yi zugi, iska kuma tana dukan ƙirji babu ruwanta. Sarƙarsa tana son wanki da mai kamar jariri. Ba zai lallaɓa ki ba. Amma zai kai ki, kuma in ya faɗi zai tashi.

Wannan na ƙarshen ban yarda da ƙarfina ba, don na fi ki ƙashi. Sai na aika aka kira mini Yaya, babbar ’yar’uwata, tunda tsawonku ɗaya. Na kwantar da jan a filin gareji na ce ta ɗaga. Ta dube ni ta ce, “Kai, ni ka mayar zakaran gwajin dafi? Da girmana?” Na nuna mata yadda za ta juya masa baya, ta kama kansa da hannu ɗaya, ta tura da ƙafafu. Tana mita tana turawa, sai ga shi tsaye. Ta kaɗe zaninta ta ce, “In don matarka ne, ka ce mata ta fi ƙarfin wannan. Kai ne dai ba ka fi ƙarfin kewarta ba.” Maigidana ya yi dariya har da tari.

Gaskiya Yaya ta faɗa, kuma ta tuna mini wadda na aura. Ba ke ce kika fara shigowa garejin nan kina tura wani tsohon babur da kika ɗaure sarƙarsa da waya ba, gumi na zuba, ɗan rago mara lafiya yana leƙowa daga cikin jakarki? Na ce ki zauna ki huta, kika ce in fara ba ɗan ragon ruwa. A ranar na san zuciyata ta bar hannuna. Na so ki ne don ke kogi ce mai zuwa inda ake jin ƙishi. To yaya yau zan zo da duwatsu in ce zan tare ki, don kawai in riƙa ganin fuskata a cikin ruwanki? Tsuntsuwar da na ƙaunata saboda tashinta, ita zan ɗaura wa zare a ƙafa?

Ki yafe mini, abar alfaharina. Ranar Litinin ki ce musu ja. In kin amince, na riga na yanka soso mai kauri da zan sa miki a sirdi, na auna yadda zan rage masa tsawo ƙafarki ta taka ƙasa sosai, na lanƙwasa ƙarfen da zai riƙe akwatin allurai kada ya girgiza. Kafin ki tafi za mu yi kwana uku a gareji. Za ki cire taya da hannunki ki mayar, ki ɗaure sarƙa, ki sauya baƙin mai, har sai kin daina waiwayowa kina neman idona. Zan koya miki duk abin da zai sa ki daina buƙatata a hanya, ko da kowane darasi yana yankar mini zuciya.

Na san abin da na zaɓa wa kaina. Wata shida ne cur, babu fitilar da za ta kama ta juyo da ke. Zan ji ƙarar babur a kwanar layi in ɗago kai, ya wuce. Zan dafa shayi in zuba kofi biyu da mantuwa. Zan jure, domin ranar da kika dawo, kika kashe inji a ƙofar nan kika cire hula, ina so in san babu abin da ya lalace, babu abin da ya tilasta ki. Ni kika zo gani.

Allah Ya tsare mini gabanki da bayanki, Ya sassauta miki duwatsu, Ya kai ki Ya dawo da ke.

Naki ne ni, kina kusa ko kina bayan duwatsu, har ranar da hannuna zai kasa riƙe sipana, da bayan nan ma.

Mijinki,
Bakanikenki