Na'urarku Ta Sha Wutar Janaretana

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Rage Hayaƙi, Abuja.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya iyali?

Ranka ya daɗe, dole in fara da jinjina. Na ji jawabinka a rediyo, Turanci tiryan-tiryan ba ko tuntuɓe. Ka ce hayaƙi na lalata ƙasa, kuma kun gano inda yake fitowa. Ashe daga shagona ne, ni mai yankan katako a Dei-Dei. Irin wannan bincike sai ku.

Na farko. Ranar Talatar da ta wuce ma'aikatanka uku suka manna mini takarda, wai in kashe janareta cikin mako guda in koma wutar gwamnati, ko a ɗauke shi. Wutar da ake magana waya ce a saman shagona da tsuntsaye ke hutawa a kai. In ta zo, kafin in ɗora katako a kan zarto ta tafi. Magidanta shida ke cin abinci da injin nan.

Na biyu. Sun zo da na'urar auna hayaƙi, wai daga waje aka kawo ta. Da aka ciro ta, batir ya mutu. Babbansu ya dubi hagu ya dubi dama, ya kira ni oga, ya roƙi inda zai yi caji. Na tayar da janareta, na ba su benci da lemo. Awa guda na'urarku tana shan wutata, da ta ƙoshi aka kanga ta a bakin salansa, ta ce ni ne mai laifi. Duk zaman nan motarsu na kunne, kada sanyin ciki ya gudu.

Na uku. Na sha kai katako unguwar ofishinku a Maitama. Janaretanku ɗaki aka gina masa, har da mai gadi. Nawa ko jikansa bai kai ba.

Roƙona, a janye takardar nan. Ko a kawo wutar da za ta juya zarto daga safe zuwa la'asar, ni da kaina zan lulluɓe shi da buhu. In kuwa sai an ɗauka, a riƙa canja masa baƙin mai duk mako biyu, ba ya son wasa.

Allah ya ƙara girma, ya tsare ka daga zafin Abuja. Abu ɗaya nake so in sani: in an ɗauke shi ranar Talata, a gidan wane oga zai ci gaba da hayaƙin?

Wassalam.

Naka,
Mai zarto, layin 'yan katako, Dei-Dei.